A Ina Yake Zama?

Idan aka tashi binciken aure a ƙasar Hausa, tambayoyin da dangin yarinya ke yi ba su da yawa. Ɗan gidan wa ne, mece ce sana'arsa, a wane masallaci ake ganinsa. Sai wadda dattawa suka fi ba wa nauyi, ko da yake a hankali ake yin ta: a ina yake zama? Ba gidan da yake kwana suke nufi ba. Majalisarsa suke nufi, bencin ko dakalin da ake samunsa bayan la'asar, da mutanen da yake raba dare da su. Mai binciken da ya san aikinsa ba ya tsayawa a wurin liman kaɗai, don liman ba ya son faɗin aibin mamunsa. Wurin mai shayin unguwa yake zuwa, ya sa a haɗa masa kofi ɗaya, ya ja hira.

Abin da ya tuna mini da wannan shi ne shawarar da ta cika wayoyinmu a 'yan shekarun nan. Kullum sai ka ci karo da wani matashi cikin kwat, ko wata mai ba da shawara kan zamantakewa, suna cewa ka riƙa zama da masu ƙarfafa maka gwiwa, masu fara'a da dogon buri, ka yakice duk wanda ke sanyaya maka jiki. Akwai gaskiya a maganar, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Sai dai tana tafe da zato biyu da ban yarda da su ba: cewa mutumin kirki shi ne wanda zama da shi ke da daɗi, da cewa kowa yana da ikon zaɓen waɗanda zai rayu da su. Tambayar dattawan ta fi ta hangen nesa, domin ba sunan aboki ta nema ba, wurin zama ta nema.

Duk wanda ya yi islamiyya ya san hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya misalta abokin zama nagari da mai sayar da turare, mugu kuma da mai zuga wutar maƙera. Na farko ko bai ba ka ba, ko ba ka saya ba, za ka tashi da ƙamshi. Na biyu ko bai ƙona maka riga ba, za ka tashi da wari. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba a wa'azi shi ne, babu maganar ƙauna ko ƙiyayya a misalin. Mai turaren ba sai yana son ka ba, maƙerin kuma ba ya nufin ka da sharri, aikinsa kawai yake yi. Kusanci ne ke aiki, ba niyya ba. Shi ya sa mutum zai iya lalacewa a hannun waɗanda suke ƙaunarsa tsakani da Allah, waɗanda za su yi masa jinya idan ya kwanta, su yi karo-karo su yi belinsa idan an kama shi.

Masu binciken zamani sun yi ƙoƙarin auna wannan da alƙaluma. A garin Framingham na Amurka akwai wani binciken ciwon zuciya da aka fara tun 1948, ana bibiyar mutanen garin da 'ya'yansu, ana rubuta har sunayen abokansu don a san inda za a same su idan sun tashi. Wasu masana biyu, Nicholas Christakis da James Fowler, suka ɗauki waɗannan takardu suka zana wa ke hulɗa da wa a tsakanin mutum 12,067 cikin shekara 32. A 2007 suka fitar da sakamakon da ya yi tashe a duniya: idan abokinka ya yi ƙiba mai yawa, yiwuwar kai ma ka yi ta tana ƙaruwa da kashi 57 cikin 100. A 2008 suka duba shan taba, suka ga cewa ba ɗaiɗai mutane ke daina ta ba, gungu-gungu suke dainawa. Idan aboki ya bari, yiwuwar kai ka ci gaba da sha tana raguwa da kashi 36, idan miji ne ko mata da kashi 67, su kuma waɗanda suka nace sai su wayi gari a gefen jama'a.

To amma a nan ya kamata a ja birki. A shekarar 2008 ɗin nan wasu masana tattalin arziki, Ethan Cohen-Cole da Jason Fletcher, suka yi amfani da irin wannan lissafi a kan bayanan matasa, sai ya nuna musu wai ƙurajen fuska da ciwon kai, har da tsayin jiki, suna yaɗuwa tsakanin abokai. Babu wanda ya ƙara tsawo don abokinsa dogo ne. Abin da suke son nunawa shi ne, kamannin abokai ba duka ne ke zuwa daga tasirin juna ba. Wasu tun asali halinsu ne ya haɗa su, wasu kuma unguwa ɗaya ce da abinci ɗaya da talauci ɗaya suka siffanta su tare.

Wannan ƙorafi ya kamata iyaye su ji shi da kyau. Babu uwar da ɗanta ya lalace da ba ta ce abokai ne suka ɓata mata shi ba. Ka je gidan kowane ɗaya daga cikin abokan nan, za ka tarar da wata uwar tana faɗin haka, kuma ɗan ta farkon take zargi. Yara biyar, kowanne na kirki ne a bakin uwarsa, sauran huɗun ne shaiɗanu. Gaskiyar da ke da ɗaci ita ce, sau da yawa yaro da ƙafarsa yake neman majalisar da ta dace da abin da ya riga ya fara tsira a zuciyarsa, ko wadda ke ba shi abin da ya rasa a gida: a saurare shi, a kira shi da laƙabi, a tambaye shi ina ya shiga jiya.

Hanyar da ta fi raba gardama ita ce a duba inda mutane ba su suka zaɓi juna ba. Wasu jami'o'in Amurka da ƙuri'a suke raba wa sababbin ɗalibai ɗakin kwana, saboda haka ba za a ce hali ne ya haɗa su ba. Bruce Sacerdote ya duba ɗaliban kwalejin Dartmouth a binciken da ya fitar a 2001, ya ga abokin ɗaki yana da ɗan tasiri a kan makin jarrabawa, yana da tasiri mai ƙarfi a kan irin ƙungiyar da ɗalibi zai shiga, amma bai ga tasirinsa a kan fannin da mutum zai karanta ba. Michael Kremer da Dan Levy kuma suka gano cewa ɗalibi namiji da ƙuri'a ta haɗa shi da wanda ya saba shan giya tun a sakandare, makinsa yakan yi ƙasa. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne, abokin zama ba ya sauya maka ƙwaƙwalwa, ba ya cika sauya maka babban buri. Abin da yake sauyawa shi ne yadda kake kashe yammacinka da darenka. Su kuwa waɗannan, in aka tara su shekara biyar, ba ƙaramin abu ba ne.

A wurinmu yammaci da dare na majalisa ne. Duk wanda ya tashi a Kano ko Zariya ko Katsina ya san siffarta: benci biyu a jikin katanga, ko tabarma a ƙarƙashin darbejiya, kusa da teburin mai shayi da gwangwanayen madararsa da kiret ɗin ƙwai. Kowa da wurin zamansa, kuma baƙo ba ya zama a wurin wane. Ana tashi sallar magariba a dawo, a tashi isha'i a dawo. A ƙetaren iyaka, a Yamai da Maraɗi da Damagaram, fada suke ce mata. Ta yaɗu ne a shekarun 1990 lokacin da aikin gwamnati ya ƙafe, samari suka riƙa taruwa a bakin titi, ƙaramar butar shayi a kan gawayi, ana dafawa zagaye uku, ana karta, ana rubuta sunan fadar da fenti a jikin bango. Adeline Masquelier ta rubuta littafi sukutum a kanta a 2019, inda ta nuna cewa abin da manya ke kira zaman kashe wando, su samarin wurin neman mutunci ne da taimakon juna a gare su. Akwai fadar da ke gadin unguwa da share kwata, akwai kuma irin gungun da ake kira palais a Damagaram, waɗanda sunansu ya fita wajen faɗace-faɗace, kamar yadda 'yan daba suka yi suna a Kano, 'yan sara-suka a Bauchi, 'yan kalare a Gombe. Daga nesa duk samari ne zaune a bakin hanya.

Abin da ke bambanta su ba ya bayyana sai ka zauna ka saurara. Kowace majalisa tana da abin da take yi wa dariya da abin da take tafa wa, kuma da waɗannan biyun take tarbiyya, ba da huɗuba ba. A wata, idan ɗan kasuwa ya ba da labarin yadda ya cusa wa baƙauye jabun kaya a kuɗin na gaske, sai a kwashe da dariya, a miƙa masa hannu, a ce, "Kai mutumina, ka iya!" A wata kuma shiru za a yi, wani ya ce, "Haba Malam, wannan ai ba ciniki ba ne." A wata, wanda ya miƙe da jin kiran salla shi ake tsokana da "Allah ya gafarta Ustazu, a sa mu a addu'a." A wata, wanda ya zauna ne zai ji kunya. Akwai majalisar da ba a tashi sai an ci naman duk wanda ya wuce, an ƙirga wa ya yi sabuwar mota da inda ake zaton ya samo kuɗin. Mutum zai zauna a nan wata shida bai ce uffan ba, yana ganin shi ɗan kallo ne, amma sannu a hankali abin da a da yake ƙyama sai ya zama ruwan dare a idonsa. Wannan shi ne ma'aunin da na fi yarda da shi wajen auna wurin zama: me ya daina ba ka kunya tun da ka fara zuwa, kuma me ya fara ba ka kunya?

Batun shaye-shaye ya fi komai fito da wannan fili. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Nijeriya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka auna, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan wani rahoton BBC ya fallasa yadda ake sayar da shi a bayan fage. Da wuya ka sami wanda ya je kemis shi kaɗai ranar farko ya ce a ba shi kwalba. Wani ne ya juye ta a robar lemo ya miƙa masa, a gidan biki ko a bayan makaranta, yana murmushi. Kuma wanda ya miƙa ɗin, idan da fara'a da sakin fuska ake auna mutum, zai iya fin kowa cin jarrabawar.

Nan ne nake rabuwa da masu cewa ka nemi wanda zai ƙarfafa maka gwiwa. Ƙarfafa gwiwa a kan me? Bahaushe ya daɗe da sanin masu daɗin baki, har ya ba su sunaye: 'yan fadanci, 'yan amshin Shata, 'yan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa. Duk wanda Allah ya ɗaga, ko kansila ne ko mai shago biyu a Kantin Kwari, nan da nan ƙofar gidansa ke cika da mutanen da ba su taɓa ganin kuskurensa ba. Zai ce zai ƙara aure da kuɗin jari, su ce Alhaji ai ka ma makara. Zai ce zai fito takara, su ce ai jama'a kai suke jira. Babu wanda ya kai su ƙarfafa gwiwa, kuma babu wanda ya kai su saurin ɓacewa. Lokacin da Anthony Kirk-Greene ya yi nazarin wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, a laccar da aka buga a 1974, halaye goma ya lissafa, gaskiya da amana a kan gaba, sai karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Daɗin baki ba ya cikinsu.

Tarihinmu ma ya nuna cewa zama mai albarka ba lallai ne ya zama mai sanyi ba. A farkon shekarun 1940 Malam Aminu Kano yana saurayi ya je koyarwa makarantar midil ta Bauchi, ya tarar da Abubakar Tafawa Balewa a cikin malamai, ya kuma haɗu da Malam Sa'adu Zungur a gari. Sa'adu mutum ne mai zurfin karatu da kaifin harshe, ga rashin lafiya yana fama da shi, ba kuma ya ɗaga wa kowa ƙafa a muhawara. Zauren tattaunawar da suka riƙa zama a cikinsa ya yi zafin da sai da mahukunta suka dakatar da shi, da maganganu suka fara taɓo mulkin En'e. Mutanen nan uku ba su zama bakinsu ɗaya ba. Balewa ya bi hanyar sassauci har ya zama Firayim Minista, Aminu ya jagoranci NEPU wadda aka kafa a Kano a 1950, Sa'adu ya rasu a 1958 ya bar waƙoƙin da har yau ake nazari. Abin da ya haɗa su shi ne wurin zaman da ba a zuwa da hujja maras ƙwari, domin za a kakkarya ta a gabanka. Tun kafin su, a 1807, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son duniya ya fara shiga jama'ar jihadi, bai ɓoye ba, ya faɗa, har ya bar runduna ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Diya'ul Hukkam kafin ya koma. Da irin shawarar wayoyinmu ake bi, shi ne na farkon da za a ce a nisanta saboda yana ɓata wa mutane rai.

Sai zato na biyu, wato cewa zaɓi yana hannunka. Wanda ke zaune shi kaɗai a ɗakin haya a wani birnin Turai zai iya goge lambar mutum ya huta. Wanda ke gidan gado a Fagge ko Tudun Wada, ƙofa ɗaya da 'yan uba da matan 'yan'uwa, fa? Mace ba ta zaɓi kishiyarta ba, ba ta zaɓi surukarta ba. Yaron shago bai zaɓi sauran yaran ubangidansa ba. Ma'aikaci bai zaɓi wanda teburinsa ke kallon nasa ba. Addini kuma ya toshe hanyar gudu: yanke zumunci babban zunubi ne, maƙwabci yana da haƙƙi ko da mugu ne, kuma an hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Wanda ya ɗauki shawarar yakice mutane ya aiwatar da ita a kan danginsa, zai wayi gari ranar sunan ɗansa ƙofar gida wayam.

Dabarar da iyayenmu suka yi amfani da ita ba yankewa ba ce, aunawa ce. Gaisuwa ta kowa ce, ba a hana ta ko maƙiyi. Zuwa suna da jana'iza da duba mara lafiya haƙƙi ne, ana bayarwa ba tare da an duba hali ba. Hira ta wasu ce. Shawara da sirri kuwa na mutum biyu ne ko uku. Za ka ga dattijo yana gaisawa da maƙwabcinsa shekara talatin, har da tambayar iyali da gajiya, amma bai taɓa zama a tabarmarsa ba, kuma babu wanda zai ce suna gaba. Robin Dunbar na jami'ar Oxford, wanda ya yi suna da cewa mutum ba ya iya riƙe hulɗa ta gaske da fiye da kimanin mutum 150, ya ce su ma waɗannan hawa-hawa ne: kimanin 50 na hulɗa, 15 na kusa, 5 na ƙut-da-ƙut. Zaɓin da ke hannun mutum a na cikin nan yake, kuma ko a gidan da ya fi kowane cunkoso, babu mai tilasta maka wanda za ka buɗe wa cikinka.

Barin majalisa ma ba a yin sa da sanarwa. Wanda ya miƙe ya ce daga yau na daina zama da ku, ya sayi abokan gaba ne a unguwar da zai ci gaba da kwana a cikinta, kuma galibi bayan sati biyu kaɗaici zai dawo da shi. Waɗanda na ga sun yi nasara, lokacin suka cike da wani abu: karatun dare a zauren wani malami, koyon ɗinki ko gyaran waya, ƙwallon yamma, ɗan aikin da ke hana zama. Sai a wuce ta gaban majalisar a yi sallama a tsaye. "Mutumina, kwana biyu ka ɓuya." "Wallahi hidima ce ta yi yawa, ku yi haƙuri." In an yi wa ɗayansu rasuwa ka je, ka zauna zaman makoki. A hankali wurin zamanka a benci sai wani ya gaje shi, ba a yi faɗa ba. Majalisun waya, wato zaurukan WhatsApp da ake kwana ana musu da tura hotunan mutane, sun fi sauƙin bari, amma mutane sun fi jin nauyin fita daga cikinsu.

A ɓangaren mata al'amarin ya fi tsari tun da can. A labarin rayuwarta da Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau, aka buga a 1954, Baba ta Karo ta bayyana ƙawance a matsayin abin da ake ƙullawa da gangan, da kyauta da sanin jama'a, ya ɗora wa kowacce nauyin gudunmawa a bikin 'yar'uwarta. Akwai kuma ƙanwar rana, inda babba ke ɗaukar ƙarama ta zame mata yaya. Kafin wannan, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis, dattawan mata masu malfa, ke jagorantar matan ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu su komo su koyar. Wato an gane tun tuni cewa macen da ba ta cika fita ba, duk wadda ke shigo mata gida ita ce jaridarta da makarantarta. Yau mai shigowar tana iya zama maƙwabciya ko dillaliya ko ƙawar islamiyya, tana iya zama murya a waya. Akwai ƙawar da za ta sa ki a adashi ki tara jarin sana'a. Akwai wadda daga zuwanta sai kin ji ɗakinki ya tsufa, lefenki bai kai ba, ankon bikin wance dole ne ko da bashi, mijinki kuma in ba ki tashi tsaye ba kin shiga uku, ga lambar wani malami. Ta biyun ta fi iya hira, kuma ita ma tana ganin taimakonki take yi.

Akwai wani abu a cikin shawarar nan ta zamani da ke damuna fiye da duk waɗannan. Idan aka ce ka guji masu sanyaya maka jiki, wa ya fi sanyaya jiki kamar wanda ya yi karayar arziki, ko wadda aka saka da 'ya'ya huɗu, ko wanda ciwo ya kwantar shekara biyu, ko wanda damuwa ta rufe har ba ya iya fita? Hirarsu ba ta da daɗi, maganarsu ɗaya ce kullum. Idan kowa ya bi shawarar, su ne za a fara zubarwa, kuma a ranar da suka fi bukatar mutane. Wanda yake ɗauke da kaya daban, wanda yake jan ka zuwa ɓarna daban, kuma mai hankali ba ya haɗa su. Ziyarar na farko ba ta rage maka komai sai ɗan nishaɗi. Ina ma zargin cewa wani lokaci kalmar nan ta neman mutanen kirki sutura ce kawai da aka yi wa tsohuwar ɗabi'ar gudun talaka da bin mai shi.

Duk da haka ba zan musa cewa zama da wanda ya fi ka yana buɗe ƙofa ba. A 2022 Raj Chetty na jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka duba abotar mutum sama da miliyan 70 a Facebook a Amurka. Suka gano cewa cikin abubuwan da suka fi nuna ko ɗan talaka zai fita daga talauci akwai yawan abota tsakanin masu hali da marasa hali a inda ya tashi. A lissafinsu, da 'ya'yan talakawa za su tashi a wuraren da abota da masu hali ta kai irin wadda 'ya'yan masu kuɗi ke samu, da abin da za su riƙa samu idan sun girma ya ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100. Sun kuma lura cewa a wuraren ibada ne wannan abota ta fi saurin ƙulluwa idan an haɗu. Amurka daban, Arewa daban, amma duk ɗan kasuwar da ya fara da ɗaukar kaya a Kurmi ko Singa ya san cewa wani ne ya ce wa wani, ba shi kaya, na san shi.

Sai dai wannan ba abu ne da ɗan talaka zai zaɓa shi kaɗai ba, sai in na saman ya yarda an zauna da shi. Tsohon birnin Hausa, duk da bambancin sarauta da talauci da ke cikinsa, yana da wuraren da ake cakuɗa. Attajiri yana zaune a lungu ɗaya da mai faskare, zaurensa a buɗe, ana fito da tuwo da daddare kowa ya sa hannu. 'Ya'yansu allo ɗaya suke wankewa a gaban malami ɗaya. Makarantun kwana na gwamnati irin su Barewa da Rumfa sun haɗa ɗan hakimi da ɗan manomi a ɗaki guda, abotar da wasu suka ci moriyarta har tsufa. Majalisar unguwa kanta a da akwai tela, akwai malamin makaranta, akwai ma'aikacin banki, akwai dattijon da in ya yi gyaran murya ake sauya magana. Yanzu duk wanda ya samu sai ya tashi ya koma rukunin gidaje mai get da mai gadi, ya kai 'ya'yansa makarantar kuɗi, ya gina ɗan masallaci a jikin katangarsa. Malamin makarantar yana can yana haya da Keke bayan an tashi, don albashi ba ya kai wata. Waɗanda suka rage a bencin samari ne sa'o'in juna, babu mai aiki a cikinsu, babu wanda ya girmi wani da shekara biyar. Idan aka ce wa yaro ɗan shekara goma sha bakwai a irin wannan lungu ya zaɓi abokan zama nagari, majalisu biyu ne ko uku a gabansa, kuma mutanen da ya kamata ya zaɓa sun riga sun kwashe kayansu sun bar unguwar.